Fijo a Tafin Hannu

Cima ce ta aiko shi daga Yamai,
kwali ɗaya, ba nauyi.
Na girgiza, ya amsa mini kamar caki.
A kan murfi ga ta nan zaune, Fijo,
irin wadda na ja shekara ashirin da biyu
tsakanin tashar Damagaram da Tanut.

Na buɗe, ban ga mota ba.
Ƙasusuwa na gani, farare, maƙale a sandunan roba,
kamar ƙayar kifi bayan an suɗe kwano.
Takardar bayani kuwa, rubutunta
sawun kaji ne a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Na bar magana, na bi lamba.

Muna yara a Garin Malam
kara muke ferewa, gwangwanin kifi ya zama bodi,
tsohon silifa ya ba mu taya huɗu,
ba wanda ya miƙo mana takarda.
Yau ga ni da furfura, ga tabarau a karan hanci,
ina farautar lamba goma sha bakwai da matsefata.

Sitiyarin bai kai ƙwayar gujiya ba.
Hannun da ya danne na gaske cikin rairayin Bakin Birji
rawa yake yi a kansa.
Gam ya ɗiga inda ba a aike shi ba,
babban yatsana ya sauka a gilashin gaba
ya dangwala, kamar a takardar bashi.
Na goge, ya ƙara dushewa.
Na bar shi.

Madubin dama ya yi tsalle daga tabarma.
Ni da jikana Kiyari muka yi ta rarrafe har magariba,
mun ɗaga buta, mun kakkaɓe buzu.
Kazar Ya Gana tana gefe, tana mana kallon ido ɗaya.
Ban ce ita ce ba.
Ban kuma ce ba ita ba ce.

Ranar fenti wuta ta ɗauke, fanka ta yi tsit,
duwatsun Birni suna huci kamar tanda.
Fenti yana bushewa a bakin buroshi
tun bai isa murfin inji ba.
Sai na koma bayan sallar asuba,
lokacin da 'yan garuwa ke fara kaɗa jarka a lungu.
Shafa ɗaya, in jira.
Shafa ta biyu, in sha shayi, in jira.

Ta fito fara fat, tana ƙyalli,
kamar ba ta taɓa jin "saura mutum ɗaya" ba,
ba ta taɓa ɗaukar buhun kanwa da rago a bisa ba.
Na dube ta, ta dube ni.
Ba mu san juna ba.

Can na tuna ƙofar hagu,
wadda raƙumi ya lotsa mana a Sabon Kafi.
Barma makaniki ya samo wata shuɗiya, muka ɗaura,
har na sayar da motar ba mu sake mata launi ba.
Na tsoma buroshi a shuɗi.
Na kankaro jar ƙasa a bangon zaure, na dama da gam,
na ɗiga mata tsatsa a gindin taga.
Madubin dama? Ai waccan ma ba ta da shi
tun shekarar da aka haifi Cima.

Da tsinken sakace na zo rubuta kirarinta a baya,
"Komai nisan dare."
Wuri ya ƙare mini a "Komai nisa."

Kiyari ya ɗora ta a siminti, ya tura.
Ta ƙi. Na manne tayoyin ban sani ba.
"Kaka, ba ta tafiya."
Na ce, "Ta yi tafiyarta, bar ta ta huta."
Na aje ta bisa rediyo.
Na ce, "Je ka bayan gida ka samo kara,
ka roƙi kakarka gwangwani.
Taka ce za ta yi gudu."